Rumbun da ya ƙi buɗuwa

Duk wanda ya tashi a karkarar Damagaram ya san rumbu ba ya lalacewa a ɓoye. Kafin gara ta kai ga damman hatsi sai ta yi gini a jikin ƙafa. Kafin ruwan sama ya ratsa sai jinka ta nuna tsufanta. Ɓera ma in ya samu hanya yakan bar shaida a gindi. Shi ya sa maigida yakan zagaya rumbunsa da sassafe, hannu a baya, kamar mai gaida maƙwabci, ya ga abin da ya gani, ya gyara tun abin yana ƙarami. Zamani ya kawo mana wani irin rumbu na daban, wanda girmansa bai wuce na bulo ba, ba ya wari, ba ya tsatsa ta waje, ba ya nuna gajiya, ga shi kuma mun zuba masa abin da ya fi hatsi daraja: muryoyin iyayenmu, hotunan waɗanda suka riga mu, da takardun da ba su da na biyu. Irin wannan rumbu nake so in ba mai karatu labarinsa, domin na san akwai ire-irensa da dama a gidajen rediyon karkara, da ofisoshin ƙungiyoyi, da ɗakunan malamai, daga Tawa har Gure, suna zaune bisa kanta an lulluɓe su da ƙyalle, masu su na zaton ajiyarsu tana nan lafiya.

Masu sana'ar suna kiran sa NAS. Akwati ne mai faifan ajiya biyu ko fiye a cikinsa, irin faifan da masu gyara ke kira diski, ba shi da allo ba shi da madannai. Ana haɗa shi da rezo ta igiya, duk na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke gidan, wato ordinatar, ta iya zuba masa kaya ko ta ɗebo. A gaskiya shi ma ƙaramar ordinatar ce, mafi yawansu da Linux suke aiki, sai dai ba ya magana da mutum ido da ido. Ta rezo kaɗai yake amsawa, sai kuma ƴan fitilu uku ko huɗu da ke gabansa.

Namu ya iso hannuna ta hanyar gado. Mahaifinmu mushen lakwal ne, kuma bayan farin 1973 da 1974, da ya ji tsofaffi suna kwatanta wahalar da ta yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sai ya sayi rakoda ya shiga bin su yana ɗaukar maganarsu. A lokacin aikin yana da kasuwa a ƙasar nan: tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yau ake kira CELHTO, marigayi Bubu Hama kuma yana ta kira a tsamo abin da ke bakin dattawa kafin ƙasa ta rufe shi. Baba ba ma'aikacin kowace cibiya ba ne, da albashinsa yake sayen kaset da batir. Ya bar kaset fiye da 100: labaran zamanin Sarki Tanimun kamar yadda jikokin bayinsa da na fadawansa suka ji su, kirarin mafarauta, waƙoƙin niƙa da na daɓe, da doguwar hira da mahaifiyarsa, kakarmu, wadda tana yarinya aka yi Kakalaba, ta kuma bi iyayenta da ƙafa zuwa kudu neman abin da za a ci. Wajen ƙarshen shekarun 2000 yayana ya juye kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin akwatin, mai faifai biyu na giga 500 kowanne. Daga baya wata damina ta karya rufin ɗakin da kaset ɗin suke, laka da ruwa suka gama da su. Da yayana ya rasu, akwatin ya yi shekaru a kashe cikin kayansa, har ranar da aka zauna rabon gado aka ce ni ne mai karatun gidan, in riƙe amanar.

Da aka sa masa kuran, fitilar gaba ta kama tana ƙyaftawa, fanka ta juya, daga ciki aka ji ƙara kamar ta babur ɗin da ake bugawa yana ƙin tashi: ya ɗauko, ya saki, ya sake ɗaukowa. Minti goma ba abin da ya sauya. Na kashe shi, na aika wa ɗiyar ƙanwata, wadda ta karanci aikin na'urori a Yamai, ta zo ranar Asabar da jakar kayan aikinta.

Maganarta ta fari ita ce: "Kawu, kar a sake kunna shi sai mun san abin da ke damun sa. Kowane tayarwa wahala ce ga faifai, kuma in ya gaji ba ya faɗi." Ta nuna mini ɗan ramin da ke bayan akwatin, wanda ake tura tsinke a ciki don mayar da shi kamar sabo, ta ce a wasu akwatunan adireshi da kalmar sirri kaɗai yake sharewa, a wasu kuwa, in an daɗe ana dannawa, yakan tafi da fiye da haka, don haka ba za mu taɓa shi ba. Ta buɗe murfi, ta hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka kamar auduga, ta ɗauki alƙalami ta rubuta 1 da 2 a jikin faifan gwargwadon gurbin kowanne. Ni da na ƙosa in ji muryar Baba, sai na ga kamar tana jan lokaci. Ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Kawu."

Ta faro daga mafi sauƙi, wato cajar da ke jikin igiyar wuta, wadda ke sauya kuran ɗin bango zuwa bolt 12. Ta auna ta ita kaɗai, ma'auni ya nuna 12 daidai. Ta sake aunawa a lokacin da akwatin ke ƙoƙarin tashi, sai allura ta faɗi ƙasa warwas. A nan ta yi mini bayanin da har yau nake jin daɗin tunawa. Faifan da ke ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, amma kafin ya kai ga wannan gudu dole a ture shi daga tsaye, kamar amalanke cike da kaya, wadda farkon turawa ya fi dukan tafiyar wuya. A ƴan daƙiƙun nan kowane faifai yakan ja wajen ampar 2, ninkin abin da yake ci in ya kama gudu, su biyun kuma tare suke ja. Cikin caja akwai wasu ƴan gwangwanaye da ake kira kondansatar, masu ɗanshi a ciki, su ne ke riƙe ƙarfin wuta ya tsaya daidai. Zafi ne ke busar da su. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin garinmu yakan haura digiri 40 a inuwa. Cajar da ta tsufa takan nuna lafiya in ba a ɗora mata kaya ba, da an ɗora sai ta durƙusa.

Muka tafi Kasuwar Dole neman wata. Sharuɗɗa uku ta gindaya: bolt ya zama 12 ba ƙari ba ragi, ampar ya kai na tsohuwar ko ya fi, bakin kuma ya zama tabbatacciyar wuta tana tsakiya kamar yadda zanen da ke bayan akwatin ya nuna. Akwai cajar ordinatar ta hannu mai bolt 19 wadda bakinta ke shiga ramin kamar don shi aka yi ta. Ta ce wannan ita ce ta fi kashe irin waɗannan akwatuna, domin takan ƙone allon ciki har da na faifan a ƙiftawar ido. Da muka dawo da wadda ta dace, ƙarar babur ta ɓace, aka ji wani ɗan amo mai daɗi yana hawa har ya daidaita, fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya. Na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Ashe an buɗe ƙofar zaure ne kawai. Muka sa igiyar rezo cikin akwatin intanet na gidana, ƴan fitilun bakin igiyar suka kama, alamar waya lafiya take, amma ordinatar ba ta ga kowa ba. Kowace na'ura da ke rezo tana da adireshi na lambobi huɗu, kuma a irin rezon gida lambobi uku na fari su ne unguwa, ta huɗu ita ce gidan. Akwatin intanet ɗina yana raba adireshi a unguwar 192.168.8, shi kuwa rumbun, yayana ya kafe masa adireshi tun zamanin wani akwatin da ya daɗe da mutuwa. Yana nan zaune a cikin ɗakina, yana jiran baƙi a wata unguwar da aka tashi tuntuni. Yarinyar ta cire shi daga akwatin intanet, ta haɗa shi kai tsaye da ordinatar ɗinta, ta buɗe wata manhaja mai suna Wireshark wadda ke sauraron duk abin da ke wucewa a waya, ta sake kunna shi. Yana tashi sai ya yi shelar adireshinsa, kamar yadda irin na'urorin nan suka saba yi don su ji ko wani ya riga su. Unguwar 192.168.1 ce. Ta ba ordinatar ɗinta adireshi a wannan unguwa, ta ƙwanƙwasa, ya amsa. Shafinsa ya buɗe, kwanan watan da ke sama yana cewa 1 ga Janairu 1970, ranar da na'urorin dangin Unix ke fara ƙidayar lokaci, domin ɗan batir ɗin agogonsa, mai kama da kwabo, ya mutu. Na yi dariya: akwatin ya farka yana zaton ko Baba bai sayi rakodarsa ba tukuna.

Sai matsala ta uku, wadda ta fi ba ni abin tunani. Ordinatar ɗina mai Windows tana ganin sa, tana jin amsarsa, amma ta ƙi buɗe ɗakunan ajiyar. Harshen da na'urori ke amfani da shi wajen miƙa wa juna fayil sunansa SMB, an ƙirƙire shi a kamfanin IBM tun shekarun 1980, kuma tsohon akwatinmu siga ta farko kaɗai ya iya. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke cikin wannan tsohuwar siga ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen shekarar, sababbin Windows 10 suka daina zuwa da tsohuwar sigar a kunne. To ka ji: tsoho yana magana da harshen da aka hana jikokinsa ji, kuma an hana su ne don a tsare su. Ba wanda ya yi laifi, amma magana ta yanke. Maganin shi ne a samo wanda har yanzu yake jin tsohon harshen. Ta tayar da Linux, ta umarce shi ya yi magana da siga ta farko, bayan ta tabbatar ba abin da ya haɗa mu da intanet. Ta ba ni misalin abin da ya faru a watan Yunin 2021, lokacin da masu akwatunan My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu ajiya daga nesa, akwatunan da tun 2015 aka daina sabunta musu manhaja. Tsohon rumbu, in ji ta, a cikin gida ake buɗe shi, ƙofar waje a rufe. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a barin ta a bakin hanya.

Sunayen suka jeru bisa allo da irin tsarin yayana, kowane kaset da lambarsa da sunan garin da aka ɗauke shi. Muka fara kwafa. Aka yi nisa kaɗan sai gudun ya ragu, ya tsaya, faifai ya riƙa wani ƙas-ƙas a hankali. Ta dakatar da komai ta shiga duba rahoton akwatin, na ga fuskarta ta sauya. Faifan biyu an tsara su ne su zama madubin juna, abin da ake kira RAID 1, sunan da ya samo asali daga wata maƙala ta masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 1988: duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe gida. Rahoton ya nuna faifai na 2 ya fita daga aikin tun yayana yana da rai, wajen shekara huɗu bayan juye kaset ɗin. Akwatin ya yi gargaɗi da ƴar fitila mai ruwan goro, da saƙo zuwa wani adireshin wasiƙa da aka daina buɗewa. Tun daga ranar faifai ɗaya tak ke ɗauke da muryoyin nan duka, shi ma ga lissafin lafiyarsa yana nuna wurare masu yawa da suka daina karantuwa.

Ta ce, "Kawu, daga nan ba za mu ƙara wahalar da shi da neman fayil ɗaya-ɗaya ba." Ta kashe akwatin, ta ciro faifai na 1 ta haɗa shi da ordinatar ɗinta. Ta gargaɗe ni cewa da Windows ce, da ta ce ba ta gane faifan ba, ta nemi izinin tsara shi sabo, domin ba ta karanta tsarin ext3 na Linux. Mutane da yawa a nan suke amsa "to", su share da hannunsu abin da suka zo ceto. Ta yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, wadda hikimarta irin ta mai girbi ce da ya ga hadari ya taso: tana kwashe duk inda ke da sauƙi da fari, tana tsallake wuraren da suka lalace tana rubuta inda suke, sai ta gama ta dawo tana lallaɓa su. Kwana biyu aikin ya ci, muna ta addu'ar kar a ɗauke kuran, ko da yake ta aro ondilar ta sa a tsakani, manhajar kuma tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. A cikin jiran ne ta faɗa mini cewa faifan farko da IBM ya fitar a 1956 yana da faranti 50, nauyinsa wajen tan guda, kuma da ƙyar zai ɗauki rabin minti na muryar da muke ƙoƙarin ceta, tunda kowane minti nata yana cin mega 10.

Da aka gama, wajen mega 300 ne suka ƙi karantuwa. Sai ta tuna da faifai na 2, wanda aka yasar. Tunda an juye kaset ɗin kafin ya fita daga aiki, kuma madubi ne, abin da ya ɓace a na 1 yana nan a daidai wannan gurbi a jikinsa. Ta umarci manhajar ta nemo giɓin kaɗai daga gare shi. Ya tashi da ƙyar, ya riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan har kusan awa uku, sannan ya fara bugun da ba ya ƙarewa, ya yi shiru. Ya cike duka, ban da mega 40. Minti huɗu ke nan, kuma a tsakiyar hirar kakarmu suka faɗo.

Da daren ranar na saurara. Muryar Baba ta fito da ƙuruciyarta, ƙasa da shekarun da nake da su yanzu, yana cewa, "Inna, daga nan sai ina?" Ita kuma tana lissafa garuruwa da rijiyoyin da suka yada zango a tafiyar Kakalaba, da inda aka binne ƙanenta. Tana cikin lissafin sai shiru ya faɗo, shiru mai tsabta wanda ba shi da ko shuu irin na kaset, bayan minti huɗu ta dawo tana maganar komowarsu gida. A nan na gane bambancin tsohuwar ajiya da sabuwa. Kaset in ya tsufa murya takan dushe, amma kunne yana iya tsinto ta. Takardar ajami irin dubban da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, ko gara ta ci gefenta, ido da fitila sun isa a karanta saura. Ajiyar zamani kuwa tana rataye ne da sarƙa mai tsawo: kuran, caja, faifai, adireshi, harshe, da wanda ya san kalmar sirri. Zobe ɗaya ya tsinke, duka ta faɗi. Madubin nan da muke dogara da shi yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya ne kurum, muddin an lura an sauya shi. Ba ya kare shi daga tsawa, ko ɓarawo, ko rufin da ya faɗo, tunda su biyun a ɗaki guda suke kwana.

Akwai ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, ana kiran ta 3-2-1: kwafi uku, bisa irin ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri na daban. Da na ji ta ban ga baƙon abu ba. Haka kakanninmu suka riƙe tarihi, a baki da yawa, a garuruwa da yawa, ana maimaita shi duk dare don kar ya kwanta. Yanzu kwafi ɗaya yana wurina, ɗaya yana Maraɗi wurin ƙanena, ɗaya yana Yamai wurin yarinyar, mun kuma sa al'adar kunna su duk bayan Sallah babba a saurari ko da kaset ɗaya. Wanda yake da irin akwatin nan a ƙarƙashin ƙyalle, ya ji abin da ya sami gemun ɗan'uwansa.

Game da minti huɗun, na ɗauki rakoda na tafi ƙauye wurin gwaggona, autar kakarmu, wadda ta haura shekara 80. Na kunna mata hirar. Ta ji muryar uwarta ta rufe fuska da mayafi, muka jira. Da aka iso wurin shirun, ba tare da na tambaye ta ba, sai ta ɗora lissafin da bakinta, da irin karin uwar tata. Ta kawo garuruwa uku da rijiya guda. Ta tsaya, ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Ɗana, akwai saura biyu kafin a kai inda aka binne kawuna. Inna takan faɗe su, amma sun tafi." Na ɗauki abin da ta ba ni, na ajiye shi a fayil na daban kusa da na kakarmu, na rubuta kwanan wata da sunan garin kamar yadda yayana yake yi. Ta ce in dawo bayan girbi, wataƙila in ta kwana da abin za su faɗo mata.